Yatsun da ke mutuwa idan sanyi ya taɓa su: nazarin lamarin wata mai cutar Raynaud

Matar tana da shekara 27 lokacin da ta kawo wannan koke asibiti. Aikinta shigar da bayanai ne a kwamfuta, a wani ofis da na'urar sanyaya ɗaki ke aiki tun daga safe har lokacin tashi, kuma abin da ya kawo ta shi ne yatsun hannunta, waɗanda a faɗarta suke mutuwa sau biyu ko uku a rana. Abin yakan fara daga kan yatsa ya gangaro zuwa gaɓa ta biyu. Wurin ya yi sanyi ƙalau, ya sage, har ta daina jin maɓallan da take dannawa, sai dai ta riƙa bin hannunta da ido don ta tabbatar ya sauka inda take so. Idan ta samu ta ɗumama, bayan minti 15 zuwa 20 jini yakan dawo da zogi da bugawa kamar ana tsira mata allurai, kuma ta ce dawowar ta fi tafiyar ciwo. Yatsu uku na tsakiya ne suka fi kamuwa, a hannuwan biyu kusan daidai wa daida, babban yatsa kuwa bai taɓa shiga ciki ba. Yatsun ƙafa ma sukan yi haka idan ta taka daɓe mai sanyi ba takalmi.

Abin ba sabo ba ne a wurinta. Tun tana 'yar shekara 16 ta lura hannunta ba ya jure ruwan sanyi kamar na sauran mutane, kuma mahaifiyarta ma haka take, don haka a gida an ɗauke shi a matsayin halitta, ba cuta ba. A da yakan zo mata jefi-jefi, galibi a lokacin sanyi. Kimanin wata takwas kafin zuwanta ne ya rikiɗe ya zama na kullum, har ya kai ɗauko abu daga firji ko riƙe kwalba mai sanyi ya isa ya tayar da shi. Sau biyu aka duba ta a wani wuri. A karon farko an ce ƙarancin jini ne, aka rubuta mata ƙwayoyin ƙarin jini ba tare da an auna jinin ba. A karo na biyu an ce damuwa ce, aka shawarce ta da ta rage tunani.

Ba daidai ba ne a kira wannan sakaci zalla, domin akwai abubuwa biyu da suka ɓatar da masu duba ta. Na farko, a duk lokacin da ta zauna gaban likita hannunta lafiya lau yake, tunda abin yana zuwa ne ya wuce. Na biyu, kuma shi ne ya fi muhimmanci, littattafan likitanci suna bayyana cutar Raynaud da launuka uku a jere: fari, sannan shuɗi, sannan ja. An gina wannan bayani ne a kan masu farar fata. Matar nan baƙa ce, kuma da aka tambaye ta ko yatsunta suna yin fari ko shuɗi sai ta ce a'a, gaskiya kuma ta faɗa. Abin da take gani shi ne kan yatsun ya yi toka-toka, ƙarƙashin farcen ya koɗe ya rasa jan da aka saba gani, daga baya ya yi duhu. A fata mai duhu ana neman sauyin ne a cikin tafin yatsa da ƙarƙashin farce, ba a bayan hannu ba. Tambayar da aka yi mata ba ta dace da fatarta ba, shi ya sa amsarta ta rufe ƙofar da ya kamata ta buɗe.

Abin da ya warware wannan kuwa ba wani babban gwaji ba ne. An ce ta koma gida ta riƙa ɗaukar hoton hannunta da waya duk lokacin da abin ya taso, ta gefen tafi, cikin haske mai kyau, ta kuma riƙa rubuta lokaci da abin da take yi da tsawon lokacin da ya ɗauka. Da ta dawo bayan mako uku, hotunan sun nuna iyaka a fili tsakanin ɓangaren yatsan da jini ya bari da ɓangaren da yake da jini, kamar an ja layi da alƙalami. Wannan iyaka ita ce ta raba cutar Raynaud da sanyin hannu na yau da kullum, wanda mutane da yawa suke da shi ba tare da wata cuta ba.

Abin da ke faruwa a cikin yatsa

Sunan cutar na wani likitan Faransa ne, Maurice Raynaud, wanda ya bayyana ta a 1862 a kundin digirinsa na likitanci a birnin Paris. Da Faransanci ana furta sunan ne kamar Reno. An ƙiyasta tana shafar kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na mutane, kuma ta fi yawa ga mata.

Jikin kowa yana da dabarar tsimin zafi. Idan sanyi ya taɓa fata, jijiyoyin saƙo suna umartar ƙananan hanyoyin jini na fata su tsuke, domin jini mai ɗumi ya tattaru a wajen zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa. Yatsun hannu da na ƙafa, da kan hanci da kunnuwa, su ne suka fi biyan wannan haraji, saboda suna cike da wasu gajerun hanyoyi da ke haɗa jijiyar da ke kawo jini da wadda ke mayar da shi kai tsaye, waɗanda aikinsu shi ne sakin zafi ko riƙe shi. Ga mai cutar Raynaud wannan umarni yana wuce gona da iri: hanyoyin ba tsukewa kaɗai suke yi ba, rufewa suke yi ruf na ɗan lokaci. Rashin jini ne ke sa wurin ya koɗe, ɗan jinin da ya maƙale idan iskar da ke cikinsa ta ƙare shi ke sa duhu, sannan idan hanyoyin suka buɗe jini ya kwararo da ƙarfi, shi ne zogin da matar take kuka da shi.

Shi Raynaud ya ɗora laifin a kan jijiyoyin saƙo. A 1929 wani likitan Birtaniya, Thomas Lewis, ya nuna cewa ko an datse saƙon waɗannan jijiyoyi, sanyaya yatsa kaɗai yana iya tayar da abin, ya kuma yanke cewa akwai aibi a jikin hanyar jinin kanta. Binciken baya ya nuna dukansu suna da rabo a gaskiyar. A jikin tsokar da ke kewaye da hanyoyin jinin yatsa akwai wasu makarɓan saƙo da ake kira alfa-2C, waɗanda sanyi ke fito da su daga cikin ƙwayar halitta zuwa bayanta, inda suke ƙara wa umarnin tsukewa ƙarfi. Sinadarin mata na estirojin yana ƙara yawansu, abin da ake gani yana cikin dalilan da suka sa cutar ta fi kama mata. Tashin hankali da fargaba kuma suna bi ta wannan hanya ɗaya, don haka wanda ya ce mata damuwa ce bai yi ƙarya ɗungum ba, ya dai ɗauki reshe ne ya bar tushe.

Tambayar da ta fi sunan cutar nauyi

Sanya wa abin suna shi ne mai sauƙi. Aikin da ke gaban likita shi ne gano ko cutar ita kaɗai take, ko kuwa 'yar aike ce ta wata cuta da ke ɓoye. Nau'in farko, mai zaman kansa, shi ne ya fi yawa. Yakan fara tsakanin shekara 15 da 30, yakan bi jinin gida, yana kama hannu biyu daidai, kuma ba ya lalata nama. Nau'i na biyu yana zuwa ne a dalilin wani abu dabam, galibi cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jiki, irin su lufus, da uwa uba sikileroderma, cutar da ke sa fata da wasu sassan ciki su yi tauri. Fiye da kashi 90 cikin 100 na masu sikileroderma suna da matsalar Raynaud, kuma sau da yawa ita ce ke riga sauran alamun zuwa da shekaru. A irin wannan nau'i hanyoyin jinin ba tsukewa kaɗai suke yi ba, bangonsu yana kauri yana lalacewa, har gyambo ya fito a kan yatsa, wani lokaci nama ya mutu. Akwai kuma wanda aiki da injuna masu girgiza hannu ke jawowa, kamar na fasa kankare da na yankan itace, da wanda raunin tayirod, wata halitta da ke gaban wuya, ko wasu magunguna ke haddasawa.

Tarihin matar ya karkata ga nau'in farko: ta fara da ƙuruciya, mahaifiyarta tana da shi, hannu biyu yake kamawa, babban yatsa ya tsira. Abu guda ne bai zauna ba, wato tsanantar da ya yi farat ɗaya bayan shekara goma yana kwance. Cuta mai zaman kanta ba ta cika sauya hali haka kawai ba, saboda haka aka bi ta daki-daki.

An tambaye ta ciwon gaɓoɓi, da ƙuraje a fuska bayan shiga rana, da zubewar gashi, da miki a baki, da bushewar ido da baki, da ƙwannafi ko wahalar haɗiya, da haki, da kumburin yatsu da safe. Babu ko ɗaya. Ba ta shan taba. An taɓa bugun jini a tsintsiyar hannuwanta da ƙafafunta, duka da ƙarfi kuma daidai. Fatar yatsunta tana da laushi, ana iya tsunkuno ta, kuma babu tabo ko ɗan rami a kan yatsu, in ban da wani tabon ƙuna a yatsa na tsakiya na hannun dama, wanda za a dawo kansa.

Sai aka duba gindin farcenta. Wannan gwaji ne mai sauƙi da ya cancanci a fi saninsa: ana ɗiga mai a fatar da ke gindin farce, a haska, a duba da madubin ƙara girma, domin a wurin ne ake iya ganin mafi ƙanƙantar hanyoyin jini a kwance ba tare da an yanka fata ba. Ga mai lafiya suna jere reras kamar haƙoran matsefi, girmansu ɗaya. Ga mai sikileroderma wasu sun kumbura sun zama ƙatti, wasu sun fashe sun bar ɗigon jini, wasu wuraren kuma sun zama fili ba kowa. A fata mai duhu ganin yana da ɗan wuya, yana son haƙuri da haske mai kyau, kuma yatsa na huɗu da ƙaramin yatsa sun fi nunawa. Nata sun fito a jere lafiya. Gwajin jini na ANA, wanda ke neman alamar garkuwar jiki tana yaƙar jiki, bai nuna komai ba. Gwajin kumburin cikin jiki da na tayirod sun fito daidai. Jininta kuma a cike yake, wato ba ƙarancin jini ne ke sa yatsun mutuwa ba. Da wannan ta cika sharuɗɗan da wasu likitoci biyu, LeRoy da Medsger, suka tsara a 1992 don gane nau'i mai zaman kansa.

To me ya tsananta shi? Amsar tana cikin jakarta. Da aka fara tambayarta ko tana shan wani magani ta ce ƙwayoyin ƙarin jini kaɗai, domin a tunaninta tambayar ta shafi magungunan matsalar yatsun ne kawai. Sai da aka ce ta zo da duk abin da take haɗiya ne aka ga furofiranolol, wanda aka ɗora ta a kai wata tara da suka wuce don rage yawan ciwon ɓarin kai, wato wata guda kafin yatsun su rikice. Wannan magani yana rage ƙarfin bugun zuciya, yana kuma toshe saƙon da ke buɗe hanyoyin jinin gaɓoɓi, sai ya bar saƙon tsukewa shi kaɗai a fili, kuma sanyin hannu da ƙafa yana cikin illolinsa da aka daɗe da sani. Bayan shi akwai wani maganin mura mai ɗauke da sudo'efedirin da take sha duk lokacin da hancinta ya toshe, shi ma tsuke hanyoyin jini ne aikinsa. A ganina wannan ne wurin da lamarin ya fi koyarwa: an shafe wata takwas ana neman sabuwar cuta, alhali tsohuwar ce aka ƙara wa wuta da magani mai kyau da aka bayar don wani ciwo dabam.

Yadda aka bi da lamarin

Ba a ce ta yar da furofiranolol a ranar ba, domin barinsa kwatsam yana iya sa zuciya ta riƙa bugawa da sauri. An riƙa rage shi a hankali cikin makonni, aka maye gurbinsa da amitiriftilin, wanda shi ma ake amfani da shi wajen rigakafin ciwon ɓarin kai. An kuma ja kunnenta game da magungunan ɓarin kai masu ɗauke da ergotamin da dangin tiriftan, tunda su ma tsuke jijiyoyin jini suke yi, kada ta sha su sai likitan da ya san matsalar yatsunta ya yarda.

Sauran aikin nata ne, kuma a nan ta yi gyara mafi girma a fahimtarta. Shekara da shekaru hannu kaɗai take ɗumamawa. Takan sa safar hannu a kan riga marar nauyi, sannan ta yi mamakin yadda yatsun ke mutuwa a cikin safar. Dalili kuwa shi ne umarnin tsukewa ba daga yatsa kaɗai yake tasowa ba. Idan ƙirji da baya da wuya suka ji sanyi, jiki yana janye jini daga gaɓoɓi ko da an naɗe su da ulu. Sai ta koma sa tufafi hawa-hawa, marasa matsewa, tana rufe wuya da kai, ta daina sa takalmi da safa masu matse yatsun ƙafa. Ta kuma gane daga rubutunta na kullum cewa ba tsananin sanyi ne ke tayar da abin ba, saukar zafi farat ɗaya ce. Mafi yawan lokutan da ya taso mata suna cikin rabin sa'ar farko bayan ta shigo ofis daga waje da gumi a jikinta, ko kuma bayan ta wanke hannu ta bar shi a jiƙe, domin ruwa idan yana bushewa a fata yana tafiya da zafi. Wannan ne ya sa ake samun cutar ko a ƙasashe masu zafi, muddin akwai firji da fanka da na'urar sanyaya ɗaki.

Tabon ƙunar da aka ambata ya samo asali ne daga wata safiya da yatsun suka sage, ta tsoma su cikin ruwan da bai daɗe da sauka daga wuta ba, tana ganin zafi mai yawa zai fi saurin dawo da su. Yatsan da ya sage ba ya jin ƙuna sai bayan ta auku. An koya mata ta yi amfani da ruwa mai ɗumi wanda ta gwada da gwiwar hannu, ko ta cusa hannuwan a hamata, ko ta miƙe ta riƙa wulwula hannu daga kafaɗa domin jini ya turu zuwa yatsu, kuma kada ta murza su da ƙarfi.

Ofis ne ya fi ba ta wahala, kuma ba don aikin ba. Teburinta yana daidai inda na'urar ke huro iska, abokan aikinta kuma zafi suke ji, duk lokacin da ta rage sanyin sai wani ya tashi ya mayar. Wasu sun ɗauke ta mai raki, tunda babu abin da ido ke gani, wasu kuma sukan yi mata tsiya a kan safar hannu da rana tsaka. Ta ce ta kai tana ɓoye hannunta a ƙarƙashin tebur tana jiran abin ya wuce maimakon ta tashi ta ɗumama shi, kuma fargabar kada ya taso a gaban mutane ita kanta takan tayar da shi. Takardar likita mai layi kaɗan ce ta sa aka sauya mata wurin zama zuwa nesa da iskar. Ta samu safar hannu mai barin kan yatsu a waje don bugun kwamfuta, da wata mai haɗe yatsu wuri guda don fita da sassafe, wadda ta fi mai raba su riƙe ɗumi. Hotunan da ta ɗauka don likita su ne kuma ta nuna wa abokiyar aikin da ta fi yi mata tsiya, daga ranar maganar ta mutu.

Cikin wata biyu abin ya ragu daga kullum zuwa 'yan lokuta a mako. Da lokacin sanyi ya shigo sai ya sake yawaita, a nan ne aka gwada magani. Na farko da ake farawa da shi a wannan cuta dangin masu sassauta tsokar hanyoyin jini ne, waɗanda asalinsu na hawan jini ne, aka ba ta nifedifin mai narkewa a hankali, miligiram 30 a rana. Ya rage yawan tasowar da tsananinta, amma ya zo da ciwon kai da zafin fuska da jiri idan ta miƙe tsaye, abin da ba shi da daɗi ga wadda dama take fama da ɓarin kai kuma jininta ba mai hawa ba ne. An koma amlodifin, miligiram 5, wanda ta fi jurewa, in ban da ɗan kumburin idon sawu da yamma. Ya kamata a faɗi gaskiya a kan waɗannan magunguna: ga nau'i mai zaman kansa ragewa suke yi, ba sa kawarwa, kuma mutane da dama suna barinsu saboda illolin sun fi musu amfanin nauyi. Ita ta zaɓi ta riƙa sha a watannin sanyi kaɗai, bisa yardar likita, zaɓin da nake ganin ya dace da wadda yatsunta ba sa cikin haɗarin lalacewa. Magunguna masu nauyi, irin su sildenafil, da ilofuros da ake ɗurawa ta jijiya, da bosentan da ake ba masu sikileroderma don hana sabon gyambo fitowa, ba su taso ba a lamarinta.

An kuma gaya mata wani abu da ba a cika ambata ba, tunda tana da niyyar haihuwa: irin wannan tsukewa tana iya kama kan nono a lokacin shayarwa, ta jawo zogi mai tsanani da akan ɗauka ciwon ƙwayoyin cuta ne, kuma idan ta samu ciki ta sanar da likita duk magungunan da take sha tun da wuri.

Bayan shekara guda an sake duba gindin farcenta da fatar yatsunta, babu abin da ya sauya. Cutar ba ta tafi ba, kuma ba a yi mata alkawarin za ta tafi ba. Takan taso mata sau ɗaya ko biyu a mako a lokacin zafi, fiye da haka a lokacin sanyi, yatsun ƙafa kuma har yanzu sun fi na hannu taurin kai, domin ba ta iya cire takalmi ta ɗumama su a tsakiyar aiki. Mafi yawan waɗanda gwajin farcensu da na ANA suka fito lafiya suna ci gaba da zama a nau'i mai zaman kansa, amma kaɗan daga cikin masu wannan matsala wata cutar takan bayyana musu daga baya, saboda haka ba a rufe fayil ɗinta ba. An rubuta mata abubuwan da za su sa ta dawo ba tare da jiran ranar da aka ba ta ba: miki ko ɗan rami a kan yatsa, yatsan da ya ƙi dawowa bayan an ɗumama shi, abin ya koma kama hannu ɗaya ko ya shiga babban yatsa, kumburin yatsu ko fata ta fara ɗamewa har zobe ya ƙi shiga, sabon ƙwannafi ko haki. Takardar tana cikin jakarta, tare da jerin magungunan da za ta nuna wa duk likitan da zai rubuta mata wani sabo.